Tikitin Garaɓasa da Bauca: Ina Haƙƙin Mai Niyyar Umara?

Da zarar watan Sha'aban ya kama, sai tallace-tallacen rangwamen tikitin jirgi su cika wayoyin jama'a. Mai niyyar Umarar azumi ya ga farashi mai sauƙi daga Kano zuwa Jidda ko Madina, ya yi maza ya biya. Sai biza ta makara, ko rashin lafiya ta gitta, sannan ne zai ji cewa tikitin nasa ba a mayar da kuɗinsa, ba a sauya suna, sauya rana kuma sai da tarar da kan kusa kamo kuɗin tikitin. Sharuɗɗan suna nan a rubuce, amma da Turanci, cikin ƙananan haruffa, kuma sau da yawa dillalin da ya yanka masa tikitin bai ce masa uffan a kansu ba.

A mahangar fiƙihu, tikiti yarjejeniyar haya ce: kamfani ya ɗauki alhakin kai mutum wuri kaza a rana kaza. Sharaɗin da aka bayyana wa mai saye ya kuma amince da shi yana hawa kansa, domin don shi aka rage masa farashi. Wanda aka ɓoye kuwa, ya kusanci gararin da Manzon Allah (SAW) ya hana a ciniki, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta tattauna irin waɗannan yarjejeniyoyi da ɓangare ɗaya ke rubutawa shi kaɗai a zamanta na Doha a 2003, ta kuma nuna cewa idan suka ƙunshi sharaɗin zalunci, wajibi ne hukuma ta sa baki ta gyara.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lokacin da kamfanin da kansa ya soke tashi. An ga haka ƙarara a 2020, sa'ad da Saudiyya ta dakatar da Umara a ƙarshen watan Fabrairu saboda annobar korona, jirage suka tsaya cak a duniya. Kamfanoni da dama suka riƙe kuɗin mutane suka miƙa musu bauca, wato takardar alkawarin wata tafiya nan gaba, mai wa'adin da ke ƙarewa. Alhali wanda bai yi aikin da aka biya shi ba, kuɗin ya zama bashi a wuyansa, kuma ba mai cin bashi ne ke zaɓa wa mai bin sa abin da zai karɓa ba. Dattijon da ya sayar da bijimansa don Umarar goman ƙarshe, wace tsiya bauca za ta tsinana masa a watan Safar, ga naira na faɗuwa, farashin kujera na hawa?

Dokokin zamani ma sun yarda da haka. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta wajabta mayar da kuɗi cikin kwana bakwai, ba a kuma ba da bauca sai da amincewar fasinja. Amurka ta tsaurara nata tsarin a 2024. A Najeriya, hukumar NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji da ke karɓar ƙorafi, sai dai da yawa daga cikin mutanenmu kan ce sun bar wa Allah, su tafi gida. Yafiya alheri ce idan mutum ya san haƙƙinsa ya kuma bari da gangan. Mafi yawan waɗanda ake miƙa wa bauca a bakin kanta ba a taɓa gaya musu cewa suna da damar ƙin karɓa ba.