Ƙarfin Jiki Ba Na 'Yan Dambe Kaɗai Ba Ne

Ran nan na je barkar haihuwa wani gida a nan GRA ta Katsina, na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Uwargida, wadda ba ta haura shekara 35 ba, ta sunkuya za ta ɗaga bokitin ruwa, sai ta dafe ƙugu tana salati. Surukarta da ta zo daga ƙauye, tsohuwa ce furfura fat, ta sa hannu ɗaya ta ɗauke bokitin ta wuce. Aka yi ta dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar nan tun tana yarinya take surfe da daka da jan guga. Mu kuwa injin niƙa ya karɓe mana taɓarya, famfo ya karɓe guga, mota ta karɓe tafiya. Ba na ƙin hutu, ni'imar Allah ce. Amma naman jikin da ba a sa shi aiki saki yake yi, ƙashi kuma ya raunana, balle ga mace idan jinin al'ada ya ɗauke mata. Hawan jini da ciwon sukari ma sun fi samun mai yawan zama. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babba ya yi aikin ƙarfafa jiki aƙalla kwana 2 a mako, yaro kuma ya motsa jiki sosai minti 60 kullum.

To, yaya za a fara? Mu dubi 'yan dambe. Wasan nan asalinsa na mahauta ne, da kaka ake yinsa bayan an kawar da amfanin gona. Hannu ɗaya a naɗe shi da tsumma da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Amma Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ba rana ɗaya ya zama Shago ba. Yaro yakan fara gwadawa da tsaransa, hannu sake, a koyi karewa da gociya kafin a koyi duka. Abokin gwaji ba abokin gaba ba ne. In ka ji masa ciwo yau, gobe da wa za ka koya?

Mu ma haka za mu bi. Ki tsaya tsakar gidanki, ki zauna bisa kujera ki tashi sau 10 ba tare da dafa komi ba. Ki cika kwalba mai lita 1 da ruwa, nauyinta kilo 1 ke nan, ki ɗaga ta sama sau 10 da kowane hannu. In kin ga abin ya zama wasa, ki ƙara kaɗan, watau ko yawan ɗagawa ko nauyi, ba duka biyu tare ba. Ki tsallake kwana ɗaya tsakani, domin cikin hutu ne nama yake ginuwa. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono su ne abincinsa. In za ki ɗauki kaya a ƙasa, ki tsuguna, kada ki sunkuya. Mai ciki da mai hawan jini su fara shawartar likita tukuna.

Ku kuma 'yan makaranta, kada a ce muku ƙarfi na maza ne. A wasannin Olamfik na Tokyo, 2021, Blessing Oborududu ta ciwo wa Nijeriya lambar azurfa a kokawar mata. In za ku gwada kokawa, ku nemi tsararku a jiki, bisa yashi, malama tana kallo, wadda ta ce ta gaji kuma a sake ta nan take.

Iyaye mata, ga taku. In ɗanki ya dawo daga dambe yana jiri, ko amai, ko barci ya yi masa nauyi, kada ki ce gajiya ce. Bugun kai ba abin wasa ba ne. A kai shi asibiti a ranar, kada ya koma fage sai likita ya yarda.

Sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta fara makon nan ta rubuto mana bayan wata uku mu ji inda ta kai. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.