Wuni Guda a Jirgin Ruwa Tsakanin Turai da Asiya

Birnin Santambul, wanda fatakenmu suka fi sani da kasuwannin tufafi, Allah ya raba shi gida biyu da wani mashigin ruwa da ake kira Bosforas, mai tsawon kusan kilomita 30, wanda ya haɗa Bahar Aswad da Tekun Marmara, ya bar Turai a yamma, Asiya a gabas. Don haka ya kamaci duk baƙon da ya sauka a garin ya keɓe wuni guda ya bi wannan ruwa, domin a gaɓarsa tarihin Daular Usmaniyya ta Turkawa yake a jere.

Jiragen hukumar birni, waɗanda ake kira Şehir Hatları, suna da doguwar tafiya da ke tashi da hantsi daga tashar Eminonu zuwa ƙauyen Anadolu Kabagi, kusan sa'a biyu. Mai niyya ya binciki jadawali tun da dare, saboda lokutan bazara daban suke da na hunturu. Ya yi sammako, ya riƙe rigar sanyi ko da gari ya yi zafi, sa'an nan ya nemi kujera a ɓangaren hagu, domin ta haka zai ga gaɓar Turai a tafiya, ya ga ta Asiya a komowa.

Da jirgi ya ɗaga, zai wuce fadar Dolmabahce da aka kammala a 1856, da masallacin Ortakoy, da gadar da ta fara haɗa nahiyoyin biyu a 1973. Amma wurin da ya fi cancantar i'itibari shi ne inda ruwan ya tsuke har faɗinsa ya koma kimanin mita 700, domin a nan Sarkin Musulmi Muhammadu Fatihu ya gina ganuwar Rumeli Hisari a 1452, cikin 'yan watanni, daura da wadda kakan mahaifinsa Bayazidu ya gina a ɗaya gaɓar, don ya datse gudummawar da ke zuwa daga Bahar Aswad wa Rumawa, masu riƙe da birnin a lokacin. Shekara na zagayowa kuwa birnin ya faɗo hannunsa.

A Anadolu Kabagi jirgi kan dakata 'yan sa'o'i, waɗanda za su ishi mutum ya yi Azahar a masallacin ƙauyen, ya ci gasasshen kifi, ya hau tudun kangon ganuwar Yoros ya hangi bakin Bahar Aswad. Sai dai ya kiyaye lokacin komowa, don jirgi ba ya jiran kowa.

Wanda harkokinsa suka hana shi wuni sukutum, to, ya ƙetara daga Eminonu zuwa Uskudar, tafiyar 'yan mintoci, ya yi salla a masallacin Mihrima da gwanin magina Sinan ya gina. Ko wacce ya zaɓa, lalle ya karanta tarihin wuraren kafin ya shiga jirgi, domin ido ba ya amfanuwa da abin da zuciya ta jahilta.