Na'urar Da Ba Ta Mantuwa

A shekarar 1971 ne Shehun Malami Leon Chua na Jami'ar Kalifoniya, a Amurka, ya kafa hujja ta lissafi cewa akwai wata 'yar na'urar lantarki wadda masana ba su gano ba. Ya raɗa mata suna memrista, watau mai tuna wutar da ta ratsa ta ko an kashe wutar. Sai a 2008 masanan kamfanin HP suka ba da sanarwar ƙera ta.

Kwamfuta dai wurin ajiyarta daban, wurin lissafinta daban, jigilar bayani tsakaninsu kuwa tana cin wuta ainun. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda kimanin wat 20 ke isarta, wuri guda take yin duka biyun. Wannan baiwar ce masana ke neman kwaikwayo da memrista.