Ƙaramar ƙofar da ke tsare turbo

Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai a yau suna da ƙaramin injin fetur mai turbo. Mai saye yakan duba fenti da tayoyi, ya saurari ƙarar inji, amma da wuya ya tambayi lafiyar wani ɗan bawul da bai wuce cikin tafin hannu ba, alhali kuwa shi ke tsare turbo daga lalacewa.

Turbo dai, wanda injiniyan Suwis Alfred Büchi ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1905, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Yawan iska shi ke ba da damar ƙona mai da yawa, daga nan ƙarfi ke samuwa. Juyin sandar yakan zarce 100 000 a minti ɗaya.

Wahala takan zo ne sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur domin canza giya. Marfin da ke shigar da iska ya rufe nan take, turbo kuwa bai tsaya ba. Iskar da aka matse ta rasa mafita, sai ta juyo baya ta daki fanka. Idan dukan ya yawaita, sanda da mazauninta sukan gaji.

A nan ne bawul ɗin ke aiki. Muddin ƙafa tana kan totur, sifirin da matsin iska suna riƙe shi a rufe. Da zarar marfi ya rufe, zuƙar da inji ke yi ta bi wani siririn tiyo ta ja tantanin roba ko ɗan fistan, ƙofa ta buɗe, iskar ta kewaya ta koma bakin turbo. Ta haka fanka ba ta rasa gudunta, kuma ƙarfi yakan dawo da sauri idan an sake taka totur. A motocin baya-bayan nan, kwamfutar inji ce ke buɗe shi da lantarki. Yawancin injinan gazuwal kuwa ba su buƙatarsa.

Zafi da tsufa suna busar da roba har ta tsage. Idan bawul yana yoyo, mota ta yi sanyi wajen hawa tudu ko wuce babbar mota, ga haɗarin da ke cikin haka a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Idan kuma ya ƙi buɗewa, za a ji ƙara kamar fiffikar tsuntsu duk lokacin da aka saki totur. Wanda ya ji ɗaya daga cikin alamun nan, ya kai mota gareji tun da wuri, domin kuɗin bawul da tiyo ba su kama ƙafar kuɗin sabon turbo ba.