Shirin Tafiya Hutu Ƙasar Finlan

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wata ƙasa mai nisa, can ƙuryar arewacin Turai. Sunanta Finlan, amma mutanenta suna kiranta Suomi. Rasha tana gabas da ita, Suwidin tana yamma, Norwe tana arewa, teku kuma tana kudu. Babban birninta Helsinki, yana bakin teku. Ta sami mulkin kanta daga hannun Rasha a shekarar 1917.

Girman ƙasar ya ɗan fi kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya, amma mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Kashi uku cikin huɗu na ƙasar kurmi ne. Tafkunanta kuwa, da aka ƙidaya manya da ƙanana, an sami kamar 188,000. Saboda kurmin nan da tafkunan nan baƙi suke zuwa hutu.

To, a ce Allah ya hore maka, kana so ka je ka gani da idonka. Da me za ka fara? Ka fara da zaɓen watan tafiya. Tufafinka, da masaukinka, da lokacin sallarka, duk watan nan ne zai nuna maka yadda za su kasance.

Rana da dare

A Kano, tsawon yini kamar awa 12 ne kullum, ba ya ƙaruwa ko raguwa sai kaɗan. A Finlan abin dabam ne. A Helsinki, cikin watan Yuni, yini yakan kai kusan awa 19. Cikin Disamba kuwa ba ya cika awa 6.

In ka ƙara yin arewa, abin ya fi haka. Arewacin ƙasar ana kiransa Laflan. A can ƙarshensa akwai wani gari, Utsjoki. Nan rana takan yi kwana sama da 70 ba ta faɗi ba a lokacin zafi. A lokacin sanyi kuma takan yi kamar kwana 50 ba ta fito ba.

Me ya kawo haka? Duniya tana kewaya rana a karkace. Rabin shekara arewacinta yana fuskantar rana, rabin shekara kuma yana ba ta baya. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa ba mu ji sosai. Su kuwa suna kusa da ƙarshenta.

Wane wata za ka zaɓa?

Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin zafi. Zafin nasu kamar digiri 20 ne da rana, watau kamar safiyar damina a wurinmu. Itatuwa sun yi kore, tafkuna sun narke, ana shiga kwalekwale. Wanda bai taɓa fita ƙasar sanyi ba, watannin nan ne suka fi masa sauƙi.

Cikin Satumba ganyaye sukan rikiɗa su yi ja da rawaya, dare kuma ya fara tsawo. Daga nan har Maris, in sama ta yi garau, akan ga wani haske kore yana rawa a sararin sama da dare, musamman a Laflan. Amma ba kullum yake fitowa ba. Mutum yana iya yin mako bai gan shi ba, saboda gajimare.

Daga Disamba zuwa Maris sanyi ne sosai. Mu nan, ko a tsakiyar hunturu, ruwa ba ya daskarewa a randa. A can tafki ne sukutum yake zama ƙanƙara, har mota takan bi ta kansa a wasu wurare. A Laflan sanyi yakan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri. A watan Janairu na 1999 an auna digiri 51.5 ƙasa da sifiri a yankin Kittilä. Irin wannan sanyi yana cinye yatsa da kunne in an bar su a waje.

Salla da azumi

Musulmin da zai je, ya yi wannan tunani tun yana gida. Ina Magariba a wurin da rana ba ta faɗuwa? Malamai sun yi magana a kai. Wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa inda ake rarrabe dare da rana. Wasu sun ce a bi lokacin Makka. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, matambayi ba ya ɓata.

Ka duba kuma inda watan azumi ya faɗa. A 2016 azumi ya zo cikin Yuni, masu azumi a Helsinki suka sha doguwar rana. A 2025 ya zo cikin Maris, lokacin da dare da rana suka kusa daidai. Akwai Musulmi a ƙasar tun da daɗewa. 'Yan kabilar Tatar sun zo daga Rasha fatauci, suka kafa jama'arsu a 1925. A manyan birane akwai wuraren salla, a ƙauye kuwa da wuya.

Takardu da kuɗi

Ɗan Nijeriya ba ya shiga Finlan sai da biza. Finlan tana da ofishin jakadanci a Abuja, daga nan za ka sami bayani na gaskiya. Bizar baƙunci ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Ana iya neman ta tun wata 6 kafin tafiya, kada kuma ka bari ya rage ƙasa da kwana 15. A 2024 aka mai da kuɗinta Yuro 90 ga babban mutum, kuma in an hana ka ba a mayar maka da kuɗin.

Fasfo ɗinka ya zama yana da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar da za ka baro. Za a nemi inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar cewa kana da abin da za ka ci da kanka. Bizar hutu ba ta aiki ba ce. Wanda ya zarce kwanakinsa ya jawo wa kansa kora, ana iya hana shi komowa. Wanda duk ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka biza ta bayan gida, ka guje shi.

Kuɗin ƙasar Yuro ne. Abinci da masauki suna da tsada, kuma yawanci da katin banki ake biya. Ka yi lissafin kowace rana a takarda, sa'an nan ka ajiye wani abu a gefe domin abin da ba a zata ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tufafi

In lokacin zafi za ka je, ɗauki rigar sanyi ɗaya, da rigar ruwan sama, da takalmin tafiya. Ɗauki ƙyallen rufe ido kuma, don barci yana wuya cikin haske. Akwai sauro da yawa a kurmi daga ƙarshen Yuni har Yuli. Ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, amma yana hana sakewa, saboda haka nemi maganin shafawa. A kudu akwai kaska cikin ciyawa, tana kawo cuta. Duba jikinka kowace yamma.

In lokacin sanyi ne, riga ɗaya mai kauri ba ta isa. Sa tufafi bisa tufafi: na ulu a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Rufe kai da kunnuwa, sa safar hannu da takalma masu kauri.

Hanya da masauki

Daga nan akan sauya jirgin sama a wani birni, kamar Istanbul ko Faris, kafin a sauka Helsinki. Agogonsu yana gaba da na Nijeriya da awa 1 a lokacin sanyi, awa 2 a lokacin zafi.

Tafki mafi girma sunansa Saimaa. Daga Helsinki jirgin ƙasa yakan kai ka Lappeenranta, a bakin tafkin, cikin kamar awa 2. Mai son Laflan ya shiga jirgin dare zuwa Rovaniemi, tafiyar kamar awa 12 ce. Kada ka ce sai ka ga duka cikin mako ɗaya. Zaɓi tafki ko Laflan, ka zauna ka huta.

Mutanen ƙasar suna da ƙananan gidajen katako a bakin tafki, kamar rabin miliyan, ana ba da wasu haya. Ka kama naka da wuri. A ƙarshen Yuni suna da babban biki na tsakiyar lokacin zafi, yana faɗawa ranar Asabar tsakanin 20 da 26 ga wata. Lokacin nan birane sukan yi tsit, kantuna da yawa su rufe, kowa ya tafi bakin ruwa.

Dokar daji da ta ruwa

Finlan tana da wata tsohuwar al'ada wadda doka ta yarda da ita. Kowa, har baƙo, yana iya yawo a kurmi ko da na wani ne. Yana iya tsinkar 'ya'yan itatuwan daji, ya kafa tanti na kwana ɗaya ko biyu, ya kama kifi da ƙugiya da tsutsa. Amma ba a shiga harabar gida ko gona. Ba a sare itace, ba a zub da shara, ba a hura wuta sai da izinin mai ƙasa ko a wurin da aka tanada. Laimar kwaɗi kuwa, wasu ana ci, wasu dafi ne mai kisa. Wadda ba ka sani ba, bar ta.

Kusan kowane gidan bakin tafki yana da ɗakin surace, suna kiransa sauna. Ana zuba ruwa kan duwatsu masu zafi, tururi ya tashi, zafin ɗakin ya kai digiri 80 ko fiye. A na jama'a yawanci maza dabam, mata dabam. Zauna a bencin ƙasa, ka fita da zarar ka ji jiri. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna.

Kowace shekara ruwa yana cin mutane a tafkunan nan. Kada ka shiga kwalekwale ba tare da rigar hana nutsewa ba. Kada ka taka ƙanƙarar tafki sai ɗan gari ya ce ta yi kauri. In hatsari ya faru, buga lamba 112, kyauta ce.

Abinci da ladabi

Ruwan famfonsu mai kyau ne, ana sha. Suna cin kifi, da dankalin turawa, da baƙin burodi. Naman alade yana cikin abinci da yawa. In ka ga an rubuta sika, ko sianliha, ko kinkku a jikin kaya, to, alade ne.

In ka shiga gidan mutum, tuɓe takalma kamar yadda muke yi. In an ce ƙarfe 3, to, ƙarfe 3 ne. Ba su cika yawan magana ba, kada ka ɗauka fushi suke yi. Koyi kalma ɗaya, kiitos, watau na gode.

To, jama'a, kun ji. Wanda ya zaɓi watansa da hankali, ya gyara takardunsa, ya ɗaura kayan da suka dace, zai je ya huta ya komo da labari. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.

Tambayoyi

1. Awa nawa yini yake yi a Helsinki cikin Yuni?
2. Me ya sa rana ba ta faɗuwa a Laflan lokacin zafi?
3. Kwana nawa bizar baƙunci take ba mutum?
4. Faɗi abu uku da aka hana a kurmin Finlan.
5. Wace lamba ake bugawa in hatsari ya faru?