Karatun motsa jiki da lafiya a jami'a: Fannin da ake rainawa, ga shi ana buƙatar masanansa a Kazaure da kewaye

Da zarar an idar da Sallar La'asar, filayen makarantun firamare a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa kan cika da matasa 'yan ƙwallo. Idan kaka ta yi, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito. A lokutan hutu kuwa, 'yan siyasa da masu hannu da shuni kan sanya kofi, unguwanni da ƙauyuka su fafata.

Abin da ba kasafai ake gani a bakin waɗannan filaye ba shi ne mutumin da ya san abin da zai yi idan ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi. Galibi sai dai jama'a su yi masa rumfa, wani na yi masa fifita, wani na ƙoƙarin ɗura masa ruwa a baki, abin da ka iya shaƙe wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Akwai fannin da jami'o'i ke koyarwa wanda ke samar da irin wannan mutum, wato ilimin motsa jiki da lafiya. Sai dai a idon iyaye da ɗalibai da yawa, wannan kwas ne na wanda ya rasa gurbi a wani fannin, ko kuma wanda zai ƙare a kan hura usur a harabar makaranta.

Minti biyar tsakanin rai da mutuwa

Tarihin ƙwallon ƙafa a Najeriya ya nuna illar wannan giɓi. A ranar 12 ga Agustan 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana tsaka da karawa da Angola, ya kuma rasu. A ranar 8 ga Maris na 2020, ɗan wasan Nasarawa United, Chineme Martins, ya faɗi a Lafiya a wasansu da Katsina United, shi ma bai tashi ba. Rahotanni a lokacin sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi.

Shekara guda bayan haka, a ranar 12 ga Yunin 2021, zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a wasansu da Finland a gasar cin kofin Turai. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da zuciya. Ya rayu, har ya koma taka leda a Brentford, daga nan ya wuce Manchester United.

Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintuna. Abin da ake koyarwa shi ne a kwantar da mutum a rigingine, a ɗora hannuwa biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya har taimako ya iso. A ƙauyen da ke da nisa da babban asibiti, wanda ke tsaye a bakin fili shi ne likitan farko, ko ya sani ko bai sani ba.

Me ake karantawa a fannin?

Sunan da aka fi sani da shi shi ne PHE. A yanzu jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna kiran sashen da sunan Human Kinetics and Health Education. Wanda zai cike takardar JAMB ya kamata ya san sunayen biyu, domin kada ya nemi ɗaya ya rasa, ya ɗauka babu kwas ɗin.

Ɗalibin da ya shiga yana zaton gudu da tsalle kawai zai yi kan sha mamaki. Ana koyar da tsarin jikin ɗan'adam, wato ƙasusuwa da tsokoki da gaɓoɓi da jijiyoyi. Ana koyar da yadda zuciya da huhu ke aiki lokacin da mutum ke gudu ko ɗaga nauyi, da yadda jiki ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi.

Akwai darasin kula da raunuka, kamar targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, da sanin wanda za a iya kulawa da shi a fili da wanda dole a garzaya da shi asibiti. Akwai ilimin abinci mai gina jiki, da halayyar ɗan wasa, da dabarun horarwa, da dokokin wasanni, da gudanar da ƙungiyoyi da filaye, da shirya motsa jiki ga masu buƙata ta musamman.

A ɓangaren lafiya kuma, ana karanta cututtuka masu yaɗuwa da hanyoyin kariya, da tsaftar muhalli, da lafiyar 'yan makaranta, da illar shaye-shaye. Tun da yake a ƙarƙashin tsangayar ilimi sashen yake, ɗalibi kan je makaranta ya yi aikin koyarwa na gwaji kafin ya kammala.

Ilimin na da amfani kai tsaye a yanayi irin na arewa maso yammacin Jigawa. A watannin bazara zafi kan haura maki 40 a ma'aunin salshiyos. Mai horarwar da ya yi karatu ya san ba a sa yara atisaye da tsakar rana a irin wannan lokaci, ya san alamomin ƙarewar ruwa a jiki, ya kuma san yadda ake rage atisaye ko mayar da shi bayan shan ruwa a watan azumi.

Ba 'yan wasa kaɗai ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni.

Manomin Gwiwa da ke yini a gona ko mai dakon kaya a kasuwar Babura ba sa cikin wannan lissafi. Amma rayuwar cikin gari ta sauya. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa da keke, ma'aikaci na yini a kan kujera, ɗan kasuwa na yini a shago, matashi kuma a kan waya. Rashin motsa jiki na daga cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da ke cin dukiyar iyali shekara da shekaru.

Akwai kuma matsalolin da wayar da kai ke ragewa. Yaran da ke wanka a dam ɗin Kazaure da kududdufan damina na cikin haɗarin nutsewa da kamuwa da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka daga ruwan da ke da wasu ƙananan dodon koɗi. Malamin da ya fahimci yadda cutar ke yaɗuwa zai iya bayyana wa aji guda cikin darasi ɗaya. Hausawa dai sun ce riga-kafi ya fi magani.

Ina za a yi karatun?

Yankin ba baya ba ne wajen manyan makarantu. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, a Babura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Amma duka biyun sun fi karkata ga kimiyya da fasaha da injiniyanci, don haka mai neman digiri a fannin motsa jiki yakan duba zuwa Kano ko Zariya.

Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna koyar da fannin, tun daga digiri na farko har zuwa na uku. Ga ɗan Kazaure da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, Bayero ba nisa ba ce.

Hanyoyin shiga biyu ne. Ta farko ita ce jarabawar JAMB bayan kammala sakandare, inda karatun ke ɗaukar shekara huɗu. Galibi ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da darasin kimiyya kamar bayoloji. Sharuɗɗan kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka wajibi ne a duba kundin JAMB na shekarar kafin a zaɓi darussa.

Hanya ta biyu ita ce a fara da NCE ta shekara uku a kwalejin ilimi, sannan a nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Kwalejin ilimi ta Jihar Jigawa tana Gumel. Wannan hanya ta fi tsawo, amma tana bai wa ɗalibi takardar da zai iya fara koyarwa da ita, tun da NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta a Najeriya.

Ga waɗanda kuɗin makaranta ke tsoratarwa, tun 2024 asusun NELFUND na gwamnatin tarayya ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa.

Wane aiki ake samu?

Koyarwa ce babbar ƙofa. Ilimin motsa jiki da lafiya darasi ne a manhajar firamare da ƙaramar sakandare, kuma wanda ya kammala sai ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. A makarantu da yawa na karkara, malamin wani darasin ne ake ɗora wa wannan nauyi, ko kuma lokacin darasin ya koma na sharar harabar makaranta.

Bayan aji, akwai aiki a hukumomin wasanni na jihohi da sassan wasanni na jami'o'i da kwalejoji. Akwai ƙungiyoyin ƙwallo irin su Jigawa Golden Stars da Kano Pillars da Katsina United, waɗanda ba sa rasa buƙatar masu horarwa da masu kula da ƙarfin jikin 'yan wasa. Rundunonin soja da 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro suna da sassan horar da jiki. Ƙungiyoyin da ke aikin wayar da kai kan riga-kafi da abinci mai gina jiki ma suna ɗaukar masu ilimin lafiya. Wasu kuma kan buɗe gidan motsa jiki ko makarantar koyar da ƙwallo ta kansu.

Wasannin gargajiya ma ba a bar su a baya ba. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. Ke nan yaron da ya iya langa a dandalin Roni zai iya ɗauko wa jiharsa lambar yabo, idan ya samu wanda zai gano shi ya horar da shi.

Amma akwai iyakar da ya kamata ɗalibi ya sani tun da wuri. Wannan digiri ba ya mayar da mutum likita ko ma'aikacin jinya. Haka kuma ba shi ne karatun gashin ƙashi ba. Wannan kwas ne daban da ake yi a ɓangaren kimiyyar lafiya, yana buƙatar bayoloji da kemistiri da fizik, yana ɗaukar shekara biyar ko fiye, kuma yana da hukumar da ke ba da lasisinsa.

Mai son zama kocin ƙwallon ƙafa a manyan ƙungiyoyi shi ma digiri kaɗai ba zai ishe shi ba. Sai ya haɗa da lasisin horarwa na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, wanda ake hawa mataki-mataki. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ma tana ba da kwasa-kwasan horarwa. Gaskiyar magana kuma, aikin gwamnati ba ya jiran kowa a wannan fanni, kamar yadda yake a sauran fannoni. Wanda ya haɗa takarda da ƙwarewa a fili shi ya fi samun shiga.

Giɓin mata

Inda ƙarancin ya fi tsanani shi ne ɓangaren mata. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun isasshen motsa jiki, a kan kashi 78 na maza.

A ƙasar Hausa, iyaye da yawa ba za su amince namiji ya jagoranci 'ya'yansu mata wajen motsa jiki ba, kuma 'yan matan kansu ba za su saki jiki su tambayi malami namiji game da al'ada ko sauye-sauyen balaga ba. Idan babu malama, darasin ya mutu ke nan a makarantun 'yan mata.

Wannan na nufin budurwar da ta karanci fannin tana da fili a buɗe. Za ta iya koyarwa a makarantun mata, ta shirya wa matan aure motsa jiki a wuri killatacce cikin suturar da ta dace, ta kuma taimaka wa masu hawan jini da ciwon suga su bi shawarar da likita ya ba su.

Abin da ya rage

Sauya kallon da ake yi wa fannin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malaman da ke ba ɗaliban ajin ƙarshe shawara za su iya sanya shi cikin jerin kwasa-kwasan da suke bayyanawa, maimakon a bari sai an rasa gurbi a tuna da shi. Ƙananan hukumomi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za su iya ware gurabe ga masu wannan takarda idan an tashi ɗaukar malamai.

Masu sanya kofi kuma suna da tasu rawar. Kaɗan daga kuɗin da ake kashewa a kan riguna da kyaututtuka zai isa a sayi akwatin agajin gaggawa, a kuma biya wanda ya iya amfani da shi ya zauna a bakin fili daga wasan farko har zuwa na ƙarshe.