Maganin Yaro Da Damina: Wa Ke Riƙe Da Lokaci?

Da zarar ruwa ya sauka, gidajenmu su kan zama wayam tun da sassafe. Maigida ya fita da garma, uwargida ta bi shi da iri, manyan yara sun kora awaki jeji. Sai kaka da ƙananan yara ake bari. Daga shuka zuwa noman firi har maimai, kowa hankalinsa yana gona, a nan ne maganin yaro ya kan rasa mai kula da shi. Muna nufin yaran da likita ya ce su sha magani kowace rana har watanni ko shekaru, kamar mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai ƙarancin jini.

Bari mu fara da farfaɗiya, gama ita ce kuskure a cikinta ya fi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 7 cikin 10 masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa idan suna samun magani yadda ya kamata. Maganin da ya fi araha shi ne ƙwayar nan da ake kira finobabiton. Tun shekarar 1912 aka fara ba masu farfaɗiya ita a ƙasar Jamus. Tana daɗewa cikin jini, shi ya sa yawanci sau ɗaya ake sha a rana, da dare, domin barcin da take kawowa ya haɗu da barcin dare. Ta kan ɗauki mako 2 ko 3 kafin ta zauna sosai a jiki. Saboda haka idan yaro ya sāke faɗuwa a makon farko, kada a ce magani ba ya aiki.

Akwai abin da iyaye da yawa ba a gaya masu ba a ɗakin magani. Wannan ƙwaya tana iya sāke halin yaro. Babban mutum ta kan sa shi gyangyaɗi, amma ƙaramin yaro sau da yawa akasin haka take yi masa. Sai ya zama ba ya zama wuri ɗaya, yana saurin fushi, yana kuka ba dalili, yana tsokanar ƙannensa. Wani yaron kuwa sai ya yi sanyi, yana barci a aji, abin da malam ya koyar jiya ya manta yau. Uba ya dawo daga gona a gajiye, ya ce yaron nan ya lalace, ya ɗauki tsumagiya. Kaka ta ce maganin asibiti ya taɓa masa kai, ta ɓoye ƙwayoyin a cikin tukunya.

Duka biyun ba daidai ba ne, amma na kaka ya fi hatsari. Idan aka tsayar da finobabiton farat ɗaya, farfaɗiya tana iya dawowa a jere, ɗaya bayan ɗaya, yaro bai farfaɗo ba wata ta kama shi. Wannan yana kisa. Duk jijjigar da ta wuce minti 5, a ɗauki yaro zuwa asibiti nan da nan. Abin yi idan hali ya sāke shi ne a ci gaba da ba da magani, a je a gaya wa dispensa ko likita. Yana iya rage yawansa, ko ya sauya zuwa wani, kamar Tegretol ko Epilim. Su ma suna da nasu halin. Tegretol ya kan kawo jiri da farko, idan kuwa ƙuraje suka feso a jiki sai a koma asibiti ran nan. Epilim ya kan buɗe ciki, yaro ya yi ta neman abinci yana ƙiba. Likita kaɗai ne zai ce a daina, yawanci bayan an yi shekara 2 ba faɗuwa, shi ma a hankali ake ragewa.

To, yaya za a riƙe lokaci? Mun ga ya fi kyau mutum ɗaya ya ɗauki nawayar. Idan aka ce na kowa ne, uwa za ta zaci kaka ta ba shi, kaka ta zaci uwa ta ba shi. Wata rana kuma su biyun su ba shi, yaro ya wuni yana tangaɗi. Sai a ɗaura maganin a kan abin da gida ba ya fasawa: addu'ar safe kafin a fita gona, da addu'ar dare bayan tuwo. Idan takarda ta ce sau 3 a rana, ana nufin a raba tsakani, wajen ƙarfe 6 na safe, da 2 na rana, da 10 na dare. Na rana shi ne ya fi ɓacewa, domin haka wanda zai kai abinci gona ya fara ba yaro nasa kafin ya ɗauki ƙwarya. In an manta har lokacin na gaba ya yi, kada a haɗa biyu.

A nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ja layi, kowace rana da gidanta. An ba da magani, a sa alama. A gefe a rubuta ko yaro ya yi barci, ko ya ci abinci, ko ya yi faɗa, ko ya faɗi. Ɗan aji biyar zai iya wannan aiki. Dispensa yana ganin yaro na 'yan mintoci ne kawai, littafin nan shi ne zai nuna masa sauran kwanakin watan.

Maganin ƙarin jini shi ma yana da alaƙa da hali, amma ta wata fuska. Yaron da sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jininsa ya kan zama mai kasala da ƙorafi, ba ya son wasa, wani har ƙasa yake ci. Idan ya fara shan magani, sannu sannu sai a ga ya warware. Kada a tsaya a nan, a cika wata 3 ko yadda aka ce. Shayi da madara suna hana jiki karɓar maganin, lemu ko gwaiba kuwa suna taimakonsa. Kashin yaro zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ƙaramin yaro ya sami kwalbar ya kwashi ƙwayoyin kamar alewa, gama da yawansu guba ne mai kisa. A rataye ta sama inda hannu ba ya kai. Mai sikila kuma kada a ba shi wannan magani sai likita ya ce. Nasa na kullum shi ne folik asid, da abin da asibiti suka haɗa masa.

Muna roƙon iyaye su daina ba yaro Piriton domin ya yi barci su sami yin aiki. Wani yaron zai kwanta, wani kuwa haukacewa zai yi da gudu. Ga mai shan finobabiton, barci ne a kan barci.

Ƙungiyoyinmu na gama kai suna da abin yi a nan. Sau da yawa ba mantuwa ce ke tsinke magani ba, kuɗi ne suka ƙare a taki, ko rafi ya cika ya raba ƙauye da ɗakin magani. Yadda muke tanadin iri da taki tun da rani, haka za a iya keɓe ɗan kuɗi bayan girbi, a ranta wa iyalin da ke da irin wannan yaro su karɓo na wata 3 kafin hanya ta yanke, idan likita ya yarda. Zumuntar mata kuma su zaɓi mace ɗaya da za ta riƙa leƙa littafin ran Lahadi bayan sujada. Fastoci da dattawan ekklisiya su faɗa a fili cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta wurin miyau ko cin abinci tare, domin a daina ware wa yaron kwanonsa. In an zo yi masa addu'a, a tambayi uwar ko ya sha na daren jiya.